BIRNI DA ƘAUYE TSINTSIYA ƊAYA CE: JAWABI GA JAMA'AR KARKARA GAME DA ƘARAMAR HUKUMA DA TSARIN GARI

  Wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, in ya iya karatu, don Allah kada ya ninke ta ya cusa a aljihu. Ya tara mutane a gindin bishiya ko a dandali bayan sallar la'asar, ya karanta musu a hankali. A kuma shiga da ita cikin gida a karanta wa mata, don ƙuri'arsu da ta maza nauyinsu ɗaya.

Yau maganar birnin Kano zan yi muku, cikin ganuwa, da maganar waɗanda aka ɗora wa nauyin tsara gari. Na san wani dattijo zai gyara zama ya ce, "To Malam, ni da nake Ɓagwai ko Sumaila ko Makoɗa, ina ruwana da lungunan birni?" Baba, ka yi haƙuri ka ji ni zuwa ƙarshe. In na gama ba ka ga inda abin ya taɓa ka ba, na yarda ka ce na ɓata maka lokaci.

INA RUWAN MANOMI DA BIRNI?

Ina yaro nakan bi mahaifina da jakuna uku zuwa birni. Mu tashi da asuba da itace da kara, mu shiga ta Ƙofar Dawanau, mu sayar, mu cika mangala da taki daga bolar unguwa, mu dawo mu zuba a gona. Gonakin da ke kewaye da Kano da wannan takin suka shekara ɗaruruwa ana noma su duk damina ba hutu, ba su gaji ba. Birni ya ci hatsin ƙauye, ƙauye ya ci takin birni. Yau je ka ɗebo shara a birni ka zuba a gonarka. Rabi leda ce, da fasassun kwalabe da roba. Akuya ta ci leda ta kumbura ta mutu. Kun ga tun a nan wanda ya ƙi kula da sharar birni ya shiga gonarka.

Hatsinku da riɗinku Dawanau suke zuwa. Tumatir da albasa da tattasai 'Yan Kaba. In amarya za ta tare, Kantin Kwari da Kurmi ake zuwa haɗo kaya. In ciwo ya fi ƙarfin ɗakin shan magani, Asibitin Murtala ake nufa, can kusa da Ƙofar Mata. Kuma wane gida ne a nan ba shi da ɗa ko ƙane da ke tafiya cin rani? Wasu suna tura kurar ruwa, wasu dako, wasu gadi, wasu suna tuƙa adaidaita sahu, ga yaranmu almajirai a tsangayun birni. Ruwan da suka sha can, da ɗakin da suka kwana, da kwatar da ke bakin ɗakin, su ne lafiyarsu. In amai da gudawa ya ɓarke a lungun birni, kafin mako ya zagayo ya iso ƙauye a motar kasuwa. Hausawa suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

MUTANEN DA SUN SAN TSARI

Kada wani ɗan boko ya ruɗe ku ya ce tsarin gari Bature ne ya kawo mana. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala ta. Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarki da ake ciki har yau, ya kafa Kasuwar Kurmi a gefen Jakara. A zamaninsa Shehu Almagili ya zo Kano, ya rubuta wa sarki nasiha a kan yadda ake riƙon jama'a.

Ku lura da dabarar mutanen nan. Da suka zana ganuwa ba su ɗaure ta a jikin gidaje ba. Sun bar fili mai yawa a ciki, don in yaƙi ya tsare ƙofa a yi noma a ciki, mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu su sami mafaka, kuma jikokin da ba a haifa ba su sami wurin gini. Wani Bature matafiyi, Kilafaton, da ya zo Kano a 1824, ya ƙiyasta kewayen ganuwar ya kai mil 15, tsayinta ƙafa 30, da ƙofofi 15, ya ce gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin ba, sauran gonaki ne da lambuna. Wanda ya yi wannan awo ya hango shekara ɗari huɗu a gabansa.

Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofa, yana rufe ta da magariba. Kowace sana'a da wurinta: marina a Ƙofar Mata, maɗinka a Soron Ɗinki, maƙera da dukawa kowa da ɓangarensa. Baƙo ma an yanka masa wuri. Sunayen unguwanni sun isa shaida: Agadasawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Ayagi, Alfindiki, Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna. Ramin da aka haƙi ƙasar gini ya zama kududdufi, in an yi ruwa mai yawa can yake taruwa, ya bi sannu a hankali ya faɗa Jakara. Ganuwa kuwa in damina ta ci ta, da kaka sai a yi gayya, kowane ɓangare da masu gyaransa, mutanen ƙauye na cikinsu. Kakanninku sun ɗauki ƙasa a ka sun kai wa wannan bango. Saboda haka ba a fi ku gado a cikinsa ba.

ZAMANIN EN'E DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Su ba su zauna cikin ganuwa ba, suka yi nasu wurin a Nasarawa da Bompai. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka yanka Sabon Gari don baƙin da suka zo daga kudu. Daga nan Kano ta zama gari biyu: wajen ganuwa mai faffaɗan titi da aka ja da ma'auni, da cikin ganuwa da aka bar wa En'e.

Dattawa sun san En'e, sun san daɗinta sun san ɗacinta. Ba zan ɓoye ko ɗaya ba. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, En'e ta Kano ta jawo ruwan famfo daga Chalawa, ta kawo wutar lantarki, aka buɗe aikin a 1931. Da kuɗin wa? Da kuɗin Baitulmali, wato harajin manomi da jangalin Bafillatani. Duba-gari yana shiga gida-gida yana leƙa randa da masai, kowa yana shakkarsa. Wannan aiki ne, mun yaba. Amma talakan da ya biya kuɗin ba shi da bakin tambaya. Famfo yana birni, shi yana shan ruwan tafki tare da shanunsa. In ya kasa biyan haraji a shanya shi a rana, ko ya bar gida ya shiga uwa duniya. Wannan ne ya sa su Malam Aminu Kano suka kafa NEPU a 1950, suna neman talaka ya sami baki a harkar mulkin garinsu. Haraji da jangali kuwa sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano.

Kafin nan, a 1976, gwamnatin soja ta yi gyaran ƙananan hukumomi a ƙasa baki ɗaya. Aka kawar da tsarin En'e, aka ce jama'a su zaɓi kansiloli. Tsohuwar Jihar Kano, har da ƙasar da ta zama Jigawa a 1991, aka raba ta gida 20. Daga 1996 zuwa yau Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44 cikin 774 na Nijeriya, da mazaɓu 484. An ce an yi haka ne don a kawo gwamnati kusa da talaka. To, sakatariya dai ta matso kusa. Ko aikin ya matso, ku ne shaida.

GARI YA FI ƘARFIN RIGARSA

A ƙidayar 1952 mutanen Kano da kewayenta wajen 130,000 ne. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, sun haura mutum miliyan 2 da dubu 800. Cikin shekara 54 gari ya ninka kansa fiye da sau 20, tun daga lokacin kuma bai daina ƙaruwa ba.

Ba wai ba a taɓa zama an yi tsari ba. An yi. An ɗauko wani masanin tsara birane, Tirebaliyan, ya zana wa Kano shirin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Wa'adin shirin ya cika, gari bai tsaya jiran kowa ba. Inda hukuma ba ta je ta yanka fuloti ba, dillali ya je da igiyarsa. Shi ne unguwannin da ake kira awon igiya: a sayi gona, a yayyanka ta ƙanana, ba a bar hanyar mota ba, ba a bar filin makaranta ba, ba maƙabarta, ba magudanar ruwa. In gobara ta tashi motar kashe wuta ta tsaya a bakin titi tana kallo. In mace na naƙuda sai a ɗauko ta a baro zuwa inda mota za ta iya tsayawa.

Cikin ganuwa kuwa gonakin nan da Kilafaton ya gani sun zama gidaje. Gidan da kaka ya bari an raba shi gado sau uku, tsakar gida ta zama ɗaki, lungu ya ƙara matsewa. Kududdufan da ke shanye ruwa aka cike da yawansu da shara, aka sayar, aka yi gini a kai. Shi kuwa ruwa bai san takardar fuloti ba, hanyarsa ta da yake nema. Dattawa ba su manta da ruwan Agusta na 1988 ba, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, gidaje masu yawa suka rushe a Kano. A Agusta na 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwar da kansu suka nuna gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa. A 2023 kuma kowa ya ga katafila tana rushe shagunan Filin Idi. Wata gwamnati ta ba da izinin gini, wata ta zo ta rushe. Ko wa ke da gaskiya a cikinsu, wanda ya ci bashi ya kama shago shi ya kwana da hawaye. Da akwai tsari guda da ya fi ƙarfin kowane gwamna, da tun farko an san inda ake gini da inda ba a yi.

Ita kanta ganuwar fa? An sa ta cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare, a 2007 kuma aka shigar da ita jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shaidar hukumar UNESCO. Amma ku zaga da ƙafa ku gani. Wani wuri an kwashe ƙasarta an yi tubali, wani wuri an dasa shago a kanta, wani wuri ta zama juji, wani wuri ko alamarta babu sai sunan ƙofa. Maƙwabtanmu na Agadas a Nijar, da ƙasa irin tamu suka yi gini, sun riƙe tsohon garinsu har ya sami wannan shaida a 2013. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon da ya fara tsagewa a Kano shi ne na shugabanci, na ƙasar ya bi baya.

Ga kuma Jakara. Ruwan wanka da na wanki da na kwata duk cikinta yake zuba, rafin Getsi ya kawo mata na masana'antun Bompai, ta ɗauka ta nufi madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Da wannan ruwan masu lambu suke ban ruwan latas da kabeji da alayyafo. A can kudu kuma ruwan majemun Sharaɗa da Chalawa yana gangarawa kogi, kogin da masunta da makiyaya da manoman rani suke dogara da shi. Baba mai tambaya, ka ga inda abin ya taɓa ka ko?

AIKIN WA NE?

Yanzu mu zo kan gaɓar. Sau da yawa in an tambayi ciyaman sai ya ce aikin jiha ne, in an tambayi jiha a ce na tarayya ne, talaka ya yi ta zagaye kamar jakin dawa. Tsarin Mulki na 1999 bai bar abin a duhu ba. Sashe na 7 ya ce ƙaramar hukuma zaɓaɓɓiya za ta kasance. Jadawali na huɗu kuma ya lissafa aikinta. Ku saurara da kyau:

1. Gina kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da bayan gida na jama'a, da kula da su.

2. Gina hanyoyin cikin gari da magudanun ruwa da fitilun kan titi, da kula da filayen shaƙatawa.

3. Kwashe shara da ƙazanta.

4. Kula da maƙabartu da gidajen marasa galihu.

5. Sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba.

6. Rajistar haihuwa da mutuwa da aure.

7. Sa hannu a harkar makarantun firamare da yaƙi da jahilci da kiwon lafiya da aikin gona.

Kun ji. Kwatar da ta toshe a Ɗandago da kwalbatin da ya karye a hanyar kasuwarku, mai aikin ɗaya ne. Kuɗi kuma akwai. Cikin kowace Naira 100 da ake rabawa daga asusun tarayya, Naira 20 da kwabo 60 rabon ƙananan hukumomi ne. Duk wata ake rabon nan, ba ya fashi.

To ina kuɗin suke shiga? Shekara da shekaru ana zuba su a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Makullin asusun yana babban birnin jiha. A biya albashi, abin da ya rage a ce za a yi aikin haɗin gwiwa. In wa'adin ciyaman ya ƙare, maimakon zaɓe sai a naɗa kantoma. In ma an yi zaɓen, sau nawa muka ga jam'iyyar da ke kan mulki ta kwashe kujeru 44 duka, ba ta bar ko ɗaya ba? Wannan cuta ba ta jam'iyya ɗaya ba ce, kuma ba a Kano kaɗai take ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ciyaman ɗin da aka naɗa daga sama, sama zai riƙa kallo. Shi ya sa za ka je sakatariya ranar Talata ka tarar da masinja da mai gadi, shugaba yana gidansa na birni, sai ƙarshen wata a ga ƙurar motarsa.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantoma ba ya bisa doka. Hukunci ne mai kyau. Amma takarda ba ta da ƙafa, sai an sami masu ɗaukarta. Kuma in kuɗi sun sauko kai tsaye hannun mutumin da ba ya tsoron Allah ba ya tsoron jama'a, an canja wa kura rami ne kawai.

Sai matsala ta biyu, wadda ta shafi birni. Tsohon birnin da ganuwa ɗaya ta kewaye, yau yana hannun ƙananan hukumomi uku: Birni da Dala da Gwale. Ga hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, mai ba da izinin gini. Ga ma'aikatar ƙasa da safiyo mai ba da takardar fili. Ga hukumar gidajen tarihi ta tarayya mai kula da ganuwa. Ga masarauta da hakimanta da masu unguwanninta, waɗanda su suka san kowane lungu. Ruwan da ya sauko daga Gwauron Dutse bai san iyakar Gwale da Dala ba. In waɗannan ba su zauna a tabarma ɗaya ba, kowa zai yashe nasa ya tura wa maƙwabci.

GONARKA DA DOKAR ƘASA

Wannan ɓangare na manoman da gari ke matsowa gare su ne: mutanen Ungogo da Kumbotso da Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa da Dawakin Tofa da Madobi. Ku buɗe kunne.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha duka a hannun gwamna a matsayin amana. Filin cikin birni gwamna ke ba da shi. Filin karkara ƙaramar hukuma ke ba da takardarsa ta gargajiya. Gwamna ne kuma ke da ikon cewa daga yau wuri kaza ya shiga birni. Ranar da aka ja wannan layi ya haɗa da gonarka, ta fita daga hannun ƙaramar hukuma. In aka karɓe ta don amfanin jama'a, diyyar da doka ta sani ita ce ta shuka da itatuwa da gini da rijiya, ban da ita kanta ƙasar. Amma akwai abin da ba a cika faɗa muku ba: dokar ta ce in aka karɓi gonar da mutum ke nomawa da takardar gargajiya, ƙaramar hukuma ta ba shi wata gonar a madadinta.

Ina da kawu da aka yi wa haka. Wata safiya ya ga mutane da ma'auni suna kafa duwatsu a gonar da ya gada. Aka ƙirga masa kuka ɗaya da ɗorawa biyu, aka ba shi abin da bai kai kuɗin takin shekara biyu ba. Bayan shekara uku fuloti ɗaya a cikin gonar ya fi duk abin da aka ba shi sau da yawa. 'Ya'yansa yanzu su ke yi wa masu gidajen lebura. Ba mu ce kada gari ya faɗaɗa ba, dole ya faɗaɗa. Cewa muka yi a yi shi da rana tsaka, da sanin mai gona, da rabonsa a ciki.

ABIN DA MUKA ƊAUKA A KANMU

Jam'iyyarmu ba za ta ce muku za ta mai da Kano Makka cikin shekara huɗu ba. Ga abin da muka ɗauka, ku ajiye wannan takarda ku riƙe mu da ita:

1. Zaɓen ƙananan hukumomi a kan lokacinsa, ba kantoma. Wanda ya ci a ba shi, ko ɗan wace jam'iyya ne.

2. Kuɗin kowace ƙaramar hukuma su shiga hannunta. Duk wata a manna abin da ya shigo da abin da aka kashe a ƙofar sakatariya, da Hausa, boko da ajami, a kuma karanta a rediyo.

3. Ciyaman ya kwana a ƙasarsa. Kansila ya tara mutanen mazaɓarsa duk bayan wata uku, maza da mata, ya ji ta bakinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

4. Sabon shirin tsara Kano na dogon zango, wanda Majalisar Dokoki za ta mai da shi doka, don kada wani gwamna ya zo ya sauya shi da alƙalaminsa shi kaɗai. Ciyamomin birni da kewaye da masarauta da 'yan kasuwa su kasance cikin masu zana shi.

5. Abin da ya rage na ganuwa da kududdufai da filayen makarantu da maƙabartu, a auna su a kafa musu duwatsu a bayyana wa kowa. Ma'aikacin da ya sa hannu aka sayar, shi za a fara kamawa kafin mai saye.

6. A yashe magudanun ruwa kafin damina, tun watan Afrilu. Ba a fafe gora ranar tafiya. A dawo da duba-gari da mutuncinsa, a ware leda daga shara don taki ya koma gona.

7. Hukuma ta riga dillali zuwa: ta yanka ƙananan fuloti da talaka zai iya saya, da hanya da magudana da filin makaranta. Mai gona a zauna da shi tun kafin a kafa dutse, a biya shi kafin katafila ta shiga, a ba shi rabonsa na fuloti da sunansa.

8. A gyara garuruwan karkara. In Wudil da Bichi da Rano da Ɗambatta da Gwarzo da Ƙaraye suna da ruwa da wuta da asibiti da kasuwa mai rumfa, yaro ba zai bar uwarsa ya je ya kwana a ƙarƙashin gada ba. Maganin cunkoson birni a ƙauye yake.

RANAR ZAƁE

Wani zai ce, ai wannan babban zaɓe ne, ba na ciyaman ba. Gaskiya ne. Zaɓen ciyaman da kansila hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, a wata rana dabam. Amma wa ke naɗa shugabannin wannan hukuma? Gwamna, da amincewar Majalisar Dokoki. Wa ke yin dokar ƙananan hukumomi? 'Yan majalisar nan 40. Wa ke riƙe da alƙalamin fili? Gwamna. Wa ke da ikon gyara Tsarin Mulki a kan asusun haɗin gwiwa? Sanatoci da 'yan Majalisar Wakilai, tare da majalisun jihohi. Ashe ke nan icen da kuka dasa ranar babban zaɓe, shi zai yi muku 'ya'ya a sakatariyar garinku.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, namu ne ko na wasu, ku zaunar da shi ku tambaye shi. Za ka yarda a yi zaɓen ƙaramar hukuma na gaskiya? Za ka saki kuɗinta? In gari ya iso gonata, me zan samu? In ya fara kame-kame yana muku kirari, kun san amsa.

Za su zo da taliya da sabulu da turmin atamfa. Iya, sabulun nan kwana nawa zai yi? Taliyar dare ɗaya ce, wa'adin kuwa shekara huɗu. Kada ku ba kowa katinku ya ajiye muku, kada ku karanta wa kowa lambarsa. Matasa, kada a ba ku ƙwaya da gora a tura ku ku fasa kan ɗan'uwanku, alhali 'ya'yan mai turawar suna makaranta a ƙasar waje. Ku fita da sassafe da katinku, ku bi layi, a tantance ku, ku dangwala a gefen alamar jam'iyyarmu, ku kula kada tawada ta taɓa wani gida. In kun jefa kada ku watse. Ku koma gefe cikin natsuwa har a ƙirga a gabanku, a rubuta, a manna sakamako a bango.

Kakanninmu da kwando da hannu suka tayar da ganuwar da ta tsare birni da ƙauye shekara ɗaruruwa. Mu ba a ce mu ɗauki ƙasa a ka ba. Yatsa ɗaya aka nema, a wuni ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kowa ya fito.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayin talaka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya da annoba da gobara. Allah ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya, ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum. Wanda ya karanta ya miƙa wa na gaba.